Inda Leonor Ta Koma

Bas ya sauke ni inda kwalta ta ƙare.
Daga nan sai ƙafa, jaka a kafaɗa,
tsakanin itatuwan da aka tuɓe wa riga har ƙugu,
jajaye, kowanne da lamba a ƙirji,
ɓawonsu ya tafi toshe bakin kwalabe a Lisbon.

Ba ƙofa, ba mai gadi.
Jaki ne ya fara ganina, bai tanka ba.
Sai wani dogon Bajamushe, ƙafa ba takalmi,
ya ce shi Anselm, ya rungume ni
kamar mun sha nono ɗaya.

Leonor ta fito daga cikin kabewa.
'Yata, da na biya wa karatun lissafi shekara biyar,
da ta bar kujera mai juyi a banki,
ga ta da ƙasa a farce, rana ta gasa mata wuya.
Na nemi rama a fuskarta
don in sami abin kai wa uwarta.
Ban samu ba.

Ta nuna mini ɗakinta: laka da karan alkama,
korayen kwalabe a jikin bango suna tace haske.
Na dafa, sanyi kamar cikin randa.
Ban gaya mata ba
a irin wannan ɗakin aka yanke mini cibi, can Mértola,
uwata ta yi ta roƙon Allah har ya ba mu siminti.
Abin da muka tsere wa ba waiwaye,
shi 'yata ta yanki tikiti ta zo nema.

Makewayi kuwa!
Ni Baltazar, shekara talatin da takwas
ina gyaran famfo a Setúbal,
na shiga: ba ruwa, ba abin ja.
Bokiti, garin katako, da rubutu a allo:
ludayi biyu, ka rufe.
Wai bayan shekara biyu zai koma gindin zaitun.
Na daɗe a tsaye, hula a hannu,
kamar mai ta'aziyyar sana'arsa.

Da yamma aka buga tsohuwar tukunyar gas, ita ce ƙararrawa.
Mutum arba'in da 'yan kai, tebur guda,
romon wake, burodi mai gardama, cukun awaki.
Aka gama, aka zauna zobe a kan maganar kaji:
tsofaffin da suka daina ƙwai, a yanka ko a bari?
Sai mai dutse a hannu ke da baki.
Awa biyu dutsen na yawo.
Wata Iria ta share hawaye da gefen riga.
Kajin na can suna barci,
ba su san an ɗage shari'arsu zuwa Talata ba.

Ƙarfe goma fitilu suka dushe,
ranar da rufi ya tara ta kusa ƙarewa.
Taurarin da na manta tun ina yaro
suka dawo, ba wanda ya tsufa.

Amma kunnen mai sana'a ba ya ritaya.
Ɗis.
Ɗis.
Bayan tankin ruwan sama.
Mutanen da ke auna ruwa da cokali,
ga shi yana tsiyaya cikin ƙasa duk dare.
Sifana na cikin jakata, ban san me ya sa na ɗauko ta ba.
Leonor ta riƙe mini tocila
yadda take yi tana 'yar shekara bakwai,
haske a fuskata maimakon a kan bututu.
Ta ce, "Baba, zama uku muka yi kan wannan yoyon."
Roba ce ta cinye. Minti goma.

Bas na tara yana jira inda kwalta ta fara.
Na ɗaure jaka, na sha gahawa a tsaye.
Anselm ya zo yana sosa ƙeya,
wai famfon madafa ma yana tari.
Na duba agogo. Na duba 'yata.

An ce akwai wani bas ran Alhamis.